Faifan Coltrane Da Masu Sharhi

Ran 22 ga Fabrairu, 1967, mabushin nan na Amurka John Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a Jihar New Jersey tare da makaɗinsa Rashied Ali, su biyu rak. Ba fiyano, ba mawaƙi, sai busar saksofon da ganguna, da ’yan ƙararrawa da Coltrane ke kaɗawa. Watanni biyar bayan haka ciwon hanta ya kashe shi, yana da shekara 40. Kamfanin Impulse bai fito da faifan ba sai 1974, da sunan Interstellar Space.

Kafin nan masu sharhin kiɗan jaz sun daɗe suna yi masa ruwan suka. Tun 1961 John Tynan na mujallar Down Beat ya ce abin da Coltrane da abokinsa Eric Dolphy ke busawa kishiyar jaz ne, har sai da su biyun suka kare kansu a mujallar cikin 1962. A Ingila ma, Philip Larkin bai raga masa ba. Da Ali ya gaji Elvin Jones a kan ganguna, kukan ya ƙaru, domin shi Ali ba ya riƙe amo ɗaya da mai sauraro zai bi da ƙafa.

To, yau faifan nan yana cikin waɗanda ake koyi da su. A 1999 Nels Cline da Gregg Bendian sun sake kaɗa shi da jita da ganguna.

Wannan jarida ba ta ce dole kowa ya so kiɗan ba. Yana da nauyi a kunne, kuma wanda ya ce bai ji daɗinsa ba bai yi laifi ba. Laifin masu sharhi shi ne auna sabon abu da tsohon mudu, sa’an nan su yanke hukunci cewa ba kiɗa ba ne sam. Ai wanda ya saba jin algaita da ganga a ƙofar fada ba zai ce mabushi da makaɗi sun yi kaɗan ba.

Yabon da ya biyo baya ma yana da nasa aibi, gama yawancinsa kan mamaci ya sauka. Rashied Ali, wanda rabin aikin nasa ne, ya rayu har 2009, amma sunan Coltrane kaɗai aka buga a matsayin mai faifan.