A koya wa yaranmu dira tun gwiwa na da lafiya

A filayen ƙwallon ƙasar Adar, daga Deule da Buza har Keita da Madawa, ana koya wa yaro ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai. Saukowar kuwa an bar masa, ya dira yadda ya ga dama. Alhali a saukowar nan gwiwa take tafiya.

Cikin gwiwa akwai wata gajeriyar jijiya da ta ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, tana hana ƙwauri zamewa gaba. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda ta tsinke musu a wasa, ba wanda ya taɓa su. Yaro ya dira a ƙafa ɗaya a sandare, gwiwa ta karkata ciki, sai ya ji ƙas. Abin ya fi ƙiftawar ido sauri, yana aukuwa kafin ƙwaƙwalwa ta ba tsoka umarni. Shi ya sa ihun "yi hankali" daga bakin fili ba ya tsinana komai. Sai tsokar bayan cinya da ta ƙugu sun saba riƙe gwiwar tun ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, kuma da maimaici ake samun wannan sabo.

A wajenmu abin ya fi muni. Filayenmu tsakuwa ce da marmara, ba sa sassauta wa ƙafa. In gwiwa ta kumbura a ce targaɗe ne, a nufi mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, amma aikinsu ƙashi ne, nan kuwa ƙashi lafiya lau yake. Kumburi ya sace, yaro ya taka, gwiwar ta riƙa kuɓuce masa duk sanda ya juya. Gyaranta sai tiyata a babban birni, da jinyar da kan kai wata tara. Wannan gwiwa ce kuma zai hau tudu da ita, ya tsuguna a gonar albasa shekara da shekaru.

Rigakafin ba ya cin ko dala. A 2006 aka fito da FIFA 11+, motsa jiki na minti 20 kafin atisaye: gudu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsuguno, tsalle da dira a hankali, gwiwa a lanƙwashe tana saitin yatsun ƙafa. An gwada shi kan 'yan mata kusan 1,900 a Norway, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A gasar matasa ta Legas ma, binciken 2014 ya ga raguwar kusan kashi 40 cikin ɗari.

Mu da muke da langa, wannan ba baƙon abu ba ne. Mai langa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ana tunkuɗarsa, yana neman daidaito a kowace dira. A ganina abin da ya rage shi ne idon babba da zai ce: lanƙwasa, kada gwiwa ta shiga ciki, sauka ba ƙara.

Ina roƙon malaman wasanni na makarantun Deule da masu horar da ƙungiyoyin unguwa su ware minti 20 ɗin nan sau biyu a mako. A sa 'yan mata a sahun gaba, don jijiyar ta fi tsinke musu sau biyu ko fiye.