Alhaji, Nawa Ka Samu Bana?



Akwai tambayar da manyan 'yan kasuwarmu ba sa son ji: nawa ka samu bana? Amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa." Godiya ibada ce, amma ba lissafi ba ce.

Malamin makaranta ba shi da wannan mafaka. Tun kafin albashi ya iso hannunsa an zare haraji, domin samunsa a rubuce yake. Mai kayan miya kullum sai an yanka mata rasit a bakin kasuwa. Amma mai sito goma, wanda man motarsa da kuɗin makarantar yara da guzurin Umara duk daga asusun shago suke fita, shi ne a takarda ba ya cin riba. Dokar harajin Nijeriya da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe wa wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, ta ɗora har kashi 25 cikin ɗari a kan babban samu. To, yaya za a ɗora wa wanda ba a san samunsa ba? Hatta masu auna tazarar talaka da mawadaci haka suke ruɗuwa: suna ƙirga kwanon masarar talaka, amma ba sa wuce maigadin Alhaji. Sai tazarar ta fito ƙarama a takarda.

Za a ce mini, "Gwamnati wawashe kuɗin take yi, ni zakka nake bayarwa." Zance na farko da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Na biyun ne nake ja da shi.

A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya haja, wato mudiri, idan shekara ta zagayo sai ya kimanta kayansa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya cire wanda ake binsa. In ya kai nisabi, dinari 20, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wanda bai taɓa ƙirga dila ɗaya ba, ya tara mabarata a ƙofar gida yana raba dubu-dubu, ta ina ya san ya sauke farali? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Kai da kake zaman shagon mahaifinka, waya a hannu dare da rana: bana buɗe masa littafin shiga da fita, ka raba aljihun gida da na shago.