ALLURAR ƘARA ƘWANJI: A KAN WA AKE GWAJIN?

Kwanan baya da na sauko Ikko na yi kwana uku a Agege, wani yaro ɗan garinmu mai aikin gadi ya nuna mini wata 'yar kwalba wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da farin gari a cikinta. Ya ce a gidan ɗaga ƙarfe aka haɗa shi da mai sayarwa ta waya. Ana dama garin da ruwa a tsira a fatar ciki, wai ƙwanji ya fito, har tsawo ma ya ƙaru. Kusan rabin albashinsa ya tafi a kanta. Da na duba rubutun Turancin da ke jikin kwalbar, sai na ga an ce don bincike kaɗai aka yi ta, ba don jikin ɗan Adam ba. Shi bai iya karatun boko ba, mai sayarwa kuwa bai ga dalilin fassara masa ba.

Jama'a, ba zan ce abin ƙarya ne zalla ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ce ke sakin sinadarin girma cikin jini, galibi da dare in barci ya yi nauyi. Su waɗannan magunguna, da masana ke kira feftayid, ba su ne sinadarin ba. Aikinsu shi ne su zunguri tsokar nan ta saki fiye da yadda ta saba. Wani likita a Jami'ar Tulane ta Amurka, Cyril Bowers, shi ne ya fara gano irinsu, aka kuma bayyana wanda ake kira GHRP-6 a 1984. Sai a 1999 masana a Japan suka gano cewa tumbi da kansa yana yin wani sinadari mai irin wannan aiki, wanda kuma yake tada yunwa. Shi ya sa mai tsira GHRP-6 yakan ji kamar ya cinye tukunya. Mai gadin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ya yi tunani a nan.

To, me likitoci suka samu bayan shekaru arba'in ana bincike? Abin bai taka kara ya karya ba. Amurka ta yarda da sermorelin a 1997 don yaran da suka tsumbure saboda ƙarancin sinadarin, kamfanin ya daina yinsa a 2008. Ta yarda da tesamorelin a 2010 don rage kitsen ciki ga masu cutar ƙanjamau. A Japan ana amfani da GHRP-2 wajen awo, watau a gane ko tsokar nan tana aiki. An gwada ipamorelin a kan waɗanda hanjinsu ya tsaya bayan tiyata, bai yi amfani ba, aka bar shi. Shi kuwa CJC-1295, wanda ake tallarsa ƙwarai yanzu, an tsayar da gwajinsa a 2006 bayan mutum ɗaya cikin waɗanda ake gwajin a kansu ya rasu, ko da yake likitan da ke lura da shi ya danganta mutuwar da ciwon zuciya. Duk cikin waɗannan babu wanda aka ba izini don lafiyayyen saurayi mai neman faɗin ƙirji.

Ko sinadarin girman kansa, da aka tattara binciken da aka yi a kan matasa masu motsa jiki a 2008, an ga nauyin jiki ban da kitse yana ƙaruwa amma ƙarfi bai ƙaru ba, domin da yawa daga ƙarin ruwa ne jiki ya riƙe. Abin da ke biyo baya shi ne kumburin ƙafa, ciwon gaɓoɓi, mutuwar yatsu, da hawan sukari a jini. Batun tsawo kuwa, da zarar an gama balaga bakin ƙashi ya haɗe, ba allurar da za ta ƙara wa mutum ko inci ɗaya. Wanda ya ce maka haka kuɗinka yake so.

'Yan damben zamani da masu mafarkin buga ƙwallo a Turai su ma su buɗe kunne. Hukumar hana shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta duk wannan dangi na magunguna. Mun ga yadda aka cire Blessing Okagbare daga wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021 bayan an sami sinadarin girma a jininta, aka kuma dakatar da ita shekara 11.

Abin da ya fi damuna ma shi ne kwalbar kanta. Babu lambar NAFDAC a jikinta, babu wanda ya auna abin da ke ciki ko tsabtarsa, ga shi ana so a ajiye ta a sanyi, a ɗakin da wuta ke zuwa sai ta ga dama. Yaron nan kuma ya gaya mini su uku ke karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, hanyar da ciwon hanta da ƙanjamau suka fi so ke nan.

Ina roƙon sarakunan Hausawa na Agege, Idi Araba, Mile 12 da Sabon Ibadan, da limamanmu, su yi wa samari magana da Hausa ɓaro-ɓaro, tun da gargaɗin da Turanci aka rubuta shi. Kwalbar yaron dai na karɓe ta, na kuma sa shi alkawarin zuwa asibiti a auna masa jini da sukari, shi da abokan nasa biyu.