Shirun gidan surukai da surutun fada: yaya ake gane halin mutum?

Hasashen halin mutum daga abin da ido ya gani sana'a ce da kowa ke yi ba tare da an koya masa ba. A Badagishiri, garin da ke gundumar Illela a kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa, ba a cika samun wanda ya kai dillalin dabbobi gwaninta a kanta ba. Mai saye na doso turke, dillali ya riga ya fara karatunsa. Wani zai zagaya rago sau biyu, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya tattaɓa gadon baya, bai ce uffan ba. Wannan ya san dabba, ba a tsuga masa kuɗi. Wani tun daga nesa yake yabon ragon, ya taya da sauri, aka ce masa "albarka" sai ya ƙara jika biyar nan take. Wani kuma ya taya, a ce albarka, ya juya ya kama hanya, amma ya waiwayo sau ɗaya. Waiwayen nan ya ishi dillali, ya san mutumin zai dawo kafin la'asar.

Karatun dillali yakan yi daidai domin tambayarsa ƙarama ce: mutumin nan zai saya yau, kuma nawa zai iya biya? Matsala tana farawa ne lokacin da aka ɗauki irin wannan kallo na minti biyar aka yanke wa mutum hukuncin rayuwa da shi, aka ce wane miskili ne, wance mai girman kai ce, ɗan gidan wane kuwa ba ya da amana.

Hausa tana da yalwar sunaye na irin waɗannan rukunoni. Akwai mai fara'a da miskili, mai zafin rai da mai sanyin hali, marowaci da mai sakin hannu, sarkin surutu da shiru-shiru, ga kuma mai nuƙu-nuƙu wanda ba a gane gabansa balle bayansa. Karin magana kuwa bai tsaya a gefe ɗaya ba. Bakin da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ne ya ce kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Baturen Ingila Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya tattara siffofi 10 da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da adalci. Abin lura a jerin shi ne yawancinsu ba a ganinsu a zama ɗaya. Haƙuri sai an ɓata wa mutum rai ake ganinsa, amana kuma sai an damƙa masa abin da zai iya cinyewa.

A shekarun nan wayar hannu ta kawo wani sabon ma'auni cikin hirar ɗalibai da ma'aikata: haruffa huɗu irin su INTJ ko ESFP, da ake cewa suna bayyana irin mutum. Tushensu littafin da Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya fitar a 1921 kan rabe-raben ɗabi'a. Wasu Amurkawa biyu, Katharine Briggs da ƴarta Isabel Myers, suka mayar da ra'ayin nasa tambayoyi a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka buga jagoran gwajin a 1962. Tsarin yana raba mutane ta fuskoki huɗu, kowace fuska gida biyu: mai son cuɗanya ko mai son kaɗaici, mai bin abin da ya gani ko mai bin hangen zuci, mai hukunci da lissafi ko da tausayi, mai son tsari ko mai barin abu yadda ya zo. Idan aka haɗa sai a sami gida 16. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna sukar gwajin, saboda yawancin mutane a tsakiya suke a kowace fuska, kuma da yawa idan sun sake amsa tambayoyin bayan ƴan makonni sai haruffansu su canza. To, idan mai hali da kansa bai tsaya a gida ɗaya ba, ina ga abokin hira da ke zaɓa masa gida daga nesa?

Daɗin da mutane ke ji idan an faɗa musu halinsu ba hujja ba ce. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takardar da ya ce bayanin halin kowannensu ne shi kaɗai, ya nemi su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Daga baya suka gano takarda iri ɗaya ce aka raba wa kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai duba, aka lissafa sunansa da na mahaifiyarsa aka ce shi ɗan wuta ne ko ɗan ruwa, aka ƙara da cewa yana da kirki amma maƙiya sun yi masa yawa, ya san wannan dabara ko da bai san sunan Forer ba.

Ido dai yana da rabonsa na gaskiya. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal na jami'ar Harvard sun nuna wa wasu mutane bidiyon malamai na daƙiƙa 30 ba tare da sauti ba, hukuncin da suka yanke ya zo kusa da wanda ɗaliban malaman suka bayar bayan zangon karatu guda. Abin da baƙo ya fi saurin cafkewa shi ne kuzari da sakin jiki da son mutane. Gaskiya da riƙon amana kuwa wata magana ce. Tun 1928 Hugh Hartshorne da Mark May suka gwada dubban yara ƴan makaranta, suka tarar cewa satar amsa a aji ba ta nuna sosai ko yaro zai yi maguɗi a wasa ko ya ɗauki kuɗin da ba nasa ba. A 1977 Lee Ross na jami'ar Stanford ya sa wa wannan kuskure suna: ɗora wa halin mutum abin da yanayi ne ya jawo shi.

A ƙasar Adar, inda Badagishiri take, wannan kuskure ya fi sauƙin aukuwa, domin tarbiyya ta tsara wa kowa yadda zai kasance gwargwadon wanda ke gabansa. A ɗauki saurayi da ya je gaida surukinsa. Tun daga bakin zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, ido a ƙasa. Ana tambayarsa gida da aiki da labarin damina, amsarsa ba ta wuce "lafiya lau" da "sai godiya" ba. Aka kawo fura, ya kurɓa kaɗan ya ajiye ludayi. Wanda ya gan shi a nan zai rantse shiru-shiru ne. Bayan isha'i kuma a same shi a fada, wato majalisar samari, butar shayi a hannu, shi ke da labarin Abijan, shi ke da gardamar kokawa, ba mai jin muryar kowa sai tasa. Mutum ɗaya ne, kuma bai yi wa kowa ƙarya ba. Haka amarya da ke sunkuyar da kai a gidan miji, da uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma nuna masa so a gaban jama'a. Mai ɗauke da ma'aunin haruffa huɗu zai rubuta wa uwar nan sanyin zuciya, alhali kunya ce, kuma duk unguwa ta san haka.

Wata gajeriyar hanya da ake bi ita ce ta asali: a ji garin mutum ko a ga tsagar fuskarsa, sai a ce an gama saninsa. Wasan barkwanci, irin na Gobirawa da Zabarmawa ko Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana amfani da irin waɗannan zarge-zarge, amma kowa ya san raha ce, ana yi ana dariya. Ranar da aka fitar da zancen daga raha aka hana mutum aure ko bashi da shi, ya zama zato, wanda aya ta 12 a Suratul Hujurati ta yi gargaɗi a kan yawancinsa.

Malaman Musulunci sun san ilmin firasa, har Fakhruddin al-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya yi littafi a kansa. Duk da haka, ma'aunin da ya fi shahara a wa'azi shi ne wanda ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar, lokacin da wani ya zo yaba wa wani mai shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a ga duka ukun, sai aka nuna masa cewa bai san mutumin ba. Yankin da samarinsa ke tafiya bida kowane rani zuwa Najeriya da Kwaddibuwa da Libiya ba ya rasa irin waɗannan shaidu. Ga kowane saurayi akwai wanda suka kwana ɗaki ɗaya a baƙunta, akwai wanda ya ba shi saƙon kuɗi ya kai wa iyaye, akwai manomin albasa na Galmi da ya ba shi buhu bashi sai ya dawo.

Saboda haka dattawan da ake turawa binciken mai neman aure, da ƴan kasuwar da ke neman yaron shago, su rage dogaro da yadda mutum ya durƙusa ko yadda ya yi murmushi. Su nemi waɗannan mutum uku, su tambaye su ko saƙon ya isa cif, ko kuɗin albasar ya dawo a ranar da aka yi alkawari.