Ƙaura ta biyu a bakin Tafkin Kainji

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sai da aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga gungunan Kwara da gaɓarta, aka gina musu sababbin matsugunai a kan tudu. Gungawa da Kambari da Hausawan ƙasar Yauri sun kwashi abin da zai kwasu. Abin da aka bari, kamar tsohon garin Bussa, yana ƙarƙashin ruwa har gobe. Na tuno da wannan tarihi ne saboda akwai wata ƙaura da ya wajaba mu yi yanzu, ga shi kuwa babu wanda ya yi mana shelarta: kwashe bayanai daga tsofaffin kwamfutoci zuwa na zamani.

An ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, a daidai lokacin da kwamfuta ta fara korar tafireta daga ofisoshi. Ke nan wani yanki na tarihin mulkin Yauri da Ngaski da Shanga ba a takarda kaɗai aka rubuta shi ba. Jerin sunayen ma'aikata da ranar ɗaukarsu aiki, sakamakon jarrabawa, lissafin harajin kasuwa, wasiƙun rikicin gona, duka sun bi ta cikin waɗannan na'urori. A shekarun 1990 ɗin ne kuma aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi ya riƙa ƙidaya jirage da komaye da masuntan tafkin. Wanda ke son tabbatar da ko kifi ya ragu a yau, sai da alƙaluman jiya.

Na ga irin waɗannan kwamfutoci jibge a ɗakin ajiyar wani ofishi, ƙura ta rufe su, ana jiran mai sayen gwangwan. Shi ƙarfe da tagulla yake nema. Amma tsohon malamin da aka ce ya kawo shaidar ranar da ya fara aiki kafin a biya shi fansho, ƙila hujjarsa tana cikin ɗaya daga cikinsu.

Kada mu ɗauka sakacinmu ne kaɗai. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a faifan zamani, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday. Ba a yi shekara 20 ba na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, alhali kundin 1086 da aka rubuta a fata yana karantuwa. Kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofi a 2011. Faifan da ya rage a hannunmu, mai ɗaukar megabait 1.44, da maganaɗisu yake riƙe rubutu, kuma zafi da laimar bakin ruwa abokan gabarsa ne.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Da farko, kada a yi gaggawar kunna kwamfutar da ta shekara 15 a kashe, domin wutar farko tana iya zama ajalinta. A samu mai gyara ya ciro rumbun ajiyarta. Tsofaffin rumbuna suna da mahaɗi mai faɗi da ake kira IDE, sababbi kuwa SATA, kuma akwai ƙaramin kebul da ke haɗa tsohon da kafar USB. Fulofi ma akwai na'urar karanta shi ta USB. A buɗe ɗan makullin da ke kusurwarsa don kada a yi rubutu a kai. A kwafe komai tukuna, a tace ƙwayoyin cuta, sannan a yi aiki da kwafin, a ajiye na asali.

Kwafewa rabin tafiya ce. Fayil ɗin WordPerfect ko Lotus 1-2-3 yana iya ƙin buɗuwa a sabuwar kwamfuta, amma manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe da yawa daga cikinsu. Mu Hausawa muna da ƙarin matsala. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, da zubin haruffa na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ. In aka bar wannan zubi a baya, sai haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Don haka a kwafo shi tare da takardun. Bayan nan a mayar da su PDF, a yi kwafi 3 a wurare dabam-dabam, a kuma buga mafi muhimmanci a takarda.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan 3 da Masarautar Yauri su hana sayar da kowace tsohuwar kwamfutar hukuma sai an kwashe abin da ke cikinta, a kuma damƙa kwafi ga Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Matasanmu da suka karanta ilimin kwamfuta suna nan zaune, a ba su aikin. Kuɗinsa bai kai na bikin buɗe rijiya guda ba, kuma Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.