Daga mujalla zuwa wayar hannu: Hatsarin yaɗa sunayen mutane

Tun 1896 aka fara buga mujallar Der Eigene a Jamus domin masu neman jinsi ɗaya. A Amurka, mujallar ONE ta fito a 1953, gidan waya ya hana aika ta, sai a 1958 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya. A Najeriya kuwa, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi da ƙungiyoyinsa, Kano kuma tana bin shari'ar Musulunci tun 2000. Babu mai tsammanin ganin irin wannan mujalla a kasuwar Kura ko Bunkure.

Sai dai akwai darasi a Uganda. A Oktoban 2010, jaridar Rolling Stone ta Kampala ta buga sunaye da hotunan mutanen da take zargi, tare da kiran a rataye su. Kotu ta dakatar da ita. A Janairun 2011 aka kashe David Kato, wanda hotonsa ya fito a bangon jaridar.

Yau manomi a Kadawa yana iya yin irin wannan ɓarnar da dannawa ɗaya a WhatsApp. Rigimar ruwan gona ko bashi kan iya sa a yi wa mutum ƙazafi, kafin gaskiya ta fito taron jama'a ya riga ya taru. Musulunci ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya tsananta kan ƙazafi. Hukunci aikin kotu ne. Duk wanda irin wannan saƙon ya iso wayarsa, ya goge shi, kada ya tura.