Mako Kwana Bakwai Ne

A farkon kowace shekarar karatu, idan aka manna takardun shiga ƙungiyoyi a allon sanarwa, nakan tsaya in duba sunayen da aka rubuta. Akwai sunan da za ka gani a takarda ɗaya, akwai kuma wanda za ka tarar a takarda shida. Yaro ɗaya yana cikin ƙungiyar muhawara, yana cikin mawaƙa, ɗan Sikawut ne, ɗan ƙwallo ne, yana wasan kwaikwayo, ga shi kuma ya sa sunansa cikin manoma matasa. Kafin zangon farko ya ƙare, shi ne mai gyangyaɗi a aji, shi ne kuma wanda kowane shugaban ƙungiya yake kawo ƙararsa. Ra'ayina shi ne, ƙungiya biyu sun ishi ɗalibi, kuma wajibi ne kowannenmu, yaro da babba, ya bar fili a cikin makonsa domin ziyarar mutane.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin ƙungiyoyi. Ni kaina a ƙungiyar muhawara na koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da gwiwata ta yi rawa ba. Amma mu tuna yadda aka kafa su. William Alexander Smith ya fara Boys' Brigade a birnin Gilasgo a 1883 domin yaran makarantar Lahadi da yake koyarwa sun gagari tsawatawa, sai ya sa su fareti domin su koyi horo da kiyaye lokaci. Baden-Powell ya gwada aikin Sikawut a 1907 da yara wajen ashirin a wani tsibiri a Ingila. Ƙungiyarmu ta FCS kuwa a Gindiri aka kafa ta a 1957. Dukansu an gina su ne a kan mutanen da suke zuwa kowane mako, a kan lokaci. Wanda yake leƙowa sau ɗaya a wata ya cuci kansa, ya kuma cuci sauran, gama ranar da aka dogara da shi a layin fareti ko a muryar waƙa, ranar ce yake can wani taron.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da lissafi ba ya son kai. Mako yana da awa 168. Masana harkar barci a Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa matashi mai shekara 13 zuwa 18 ya sami barcin awa 8 zuwa 10 kowace rana. Mu ɗauki takwas, ka ga awa 56 sun tafi, saura 112. Zaman aji na kwana biyar ya cinye 30. Karatun dare, awa biyu sau shida, 12 ke nan. Cin abinci, wanka, wanki, shara da ɗiban ruwa, a ce awa uku a rana, 21. Sujada da addu'ar safe, a ce 7. Hutun rana ma 7. Abin da ya rage awa 35 ne, kuma mafi yawansu a Asabar da Lahadi suke. Daga Litinin zuwa Jumma'a, abin da yake hannun ɗalibi bai wuce daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma ba. To, ina za a cusa ƙungiya shida? Daga barci ake sata, daga karatun dare ake sata, sai ranar jarrabawar WAEC a biya bashin. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Ba ɗalibai kaɗai nake yi wa magana ba, gama ni ma na sha wannan ruwa. Shekaru kaɗan da suka wuce, ga yadda makona yake: Litinin ina tare da 'yan muhawara, Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis taron ƙungiyar 'yan garinmu da zubin adashi, Jumma'a ina filin ƙwallo da yara. Asabar da safe ina lambuna da 'yan zomayena, da rana biki ko suna, Lahadi bayan sujada kuma taron kwamiti. Ina jin daɗi a ce malam ba ya zama.

A cikin wannan hali aka aiko mini cewa wani abokina ba shi da lafiya. Tare muka yi kwalejin horon malamai, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Garinsu bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Na ce Asabar mai zuwa. Asabar ta zo da ɗaurin aure. Ta gaba aka yi wasan ƙwallo tsakaninmu da wata makaranta. Na buga masa waya sau biyu, ya ce da sauƙi, ni kuwa na karɓi wannan da saurin da bai kamata ba. A mako na biyar na tafi garin, amma jana'iza na je. Matarsa ta ce mini, "Baban yara ya yi ta cewa kana tafe." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi mini zafi. Na sami yini guda cur domin binne shi, ni da na kasa samun awa uku domin gaishe shi.

Daga nan na gane wani abu. Kowace ƙungiya tana da littafin kiran suna, wasu ma har da tarar makara. Ziyara ba ta da sakatare. Ba wanda zai ci ka tara don ba ka je gaida kakarka ba, ko ba ka leƙa ɗan ajinku da yake kwance a ɗakin magani ba. Saboda haka idan mako ya cika, ita ake fara zubarwa. Alhali kuwa zumunta a ƙafa take, wayar hannu tana taimaka mata ne kawai.

Na san wani zai ce, ai ƙuruciya lokacin gwaji ne, in yaro bai taɓa abubuwa da yawa ba, yaya zai san baiwarsa? Gaskiya ne. Amma shekara shida ɗalibi yake yi a sakandare. Ya gwada biyu bana, baɗi ya sake wata in ya ga dama. Wani kuma zai ce, in na ƙi aikin da aka ba ni, za a ce ina girman kai. Amsata ita ce, gara ka ce "ba zan iya ba" tun farko, da ka ce "to" sa'an nan a neme ka a rasa.

Ga shawarata. Ɗalibi ya zaɓi ƙungiya ɗaya ta motsa jiki ko aikin hannu, ɗaya kuma ta ilimi ko ta ruhaniya, ya riƙe su da aminci har ƙarshen shekara. Ya rubuta tsarin makonsa a bayan littafinsa, ya ware yamma ɗaya da ba kowane taro a cikinta. 'Yan'uwana malamai, mu daina jan yaro ɗaya mai ƙwazo zuwa kowace ƙungiya don muna son cin gasa. Akwai na bayan aji da ba wanda ya taɓa gayyata. Iyaye da dattawan ikkilisiya kuma, kafin a ɗora wa mutum sabon muƙami, a tambaye shi nawa yake riƙe da su.

Ni dai na ajiye uku daga cikin nawa, kuma ba wadda ta rushe. Yammacin Alhamis yanzu na ziyara ne. Ku da kuke fita a bana, kafin ku watse, kowa ya rubuta sunayen abokai uku da garuruwansu, ya sa ranar da zai je ya gan su. Allah ya ba mu hikimar lissafta kwanakinmu.